Fasa salansa da cire iyakilina ba ya rage wa babur shan mai

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, da fatan komai lafiya. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana masu babur, musamman 'yan acaba da samarinmu na nan Gombe, saboda akwai abin da yake ci min tuwo a ƙwarya kullum a gareji, na faɗa da baki har na gaji shi ne na ce bari in rubuta ko Allah zai sa wani ya karanta ya amfana.

Ni bakaniken babur ne, a nan wajen Jekadafari nake aiki, na kusa shekara ashirin ina kwance kafireto ina ɗaurawa. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, toh tun daga lokacin maganar da na fi ji a bakin kwastoma ita ce "oga a rage min shan mai". Kuma wallahi ban ga laifin kowa ba, mutum yana da balas da zai kai wa mai mashin da yamma, ga cefane ga kuɗin makarantar yara. Abin da yake damuna shi ne da yawa cikin masu wannan maganar in na duba mashin ɗin sai in tarar an riga an fasa salansa an zare cikinta, ko an sa irin mai ƙarar nan ta kasuwa, sannan an cire akwatin iyakilina, wato matatar iskar da inji yake zuƙa, gaba ɗaya an ɗaura wata 'yar raga a bakin kafireto, wani ma safa yake ɗaurawa, wai dan inji ya sha iska ya yi gudu ya kuma rage shan mai. Ka buɗe gaba ka buɗe baya sannan ka ce a matse maka mai, ai taura biyu ba ta taunuwa.

Inji ba fetur kaɗai yake sha ba, iska ya fi sha. Lissafin da masu ƙera inji suke bi shi ne kilo ɗaya na fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone tas, wato duk lita ɗaya da ka zuba sai inji ya zuƙi iska wajen lita 9,000. Aikin kafireto kenan, ya gauraya su daidai. Kamfanin da ya ƙera Bajaj Boxer ko TVS ko Jincheng ko Haojue ya auna jet ɗin da ya sa ne, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da mai yake bi a cikin kafireto, da wannan akwatin iyakilina da wannan salansar da mashin ya zo da su, ukun tafiyarsu ɗaya, ka taɓa ɗaya ka taɓa sauran. In ka buɗe hanya iska ta ƙaru mai bai ƙaru ba, haɗin ya tsinke kenan kamar kunun da aka cika wa ruwa, inji zai riƙa ɗaukan zafi fiye da ƙima, kuma mashinan nan namu ba su da lagireto, iska ce kawai take sanyaya su, ga zafin Gombe a watan Maris da Afrilu da yake kai digiri 40. In kuma ka ce bari a gyara a sa jet babba dan ya dace da iskar, toh inji zai samu lafiya amma fa man da zai sha ya ƙaru. Ko ta ina ka bi ragin da kake nema babu shi a wannan hanyar, kuma ƙarfin da injin 100cc yake ƙarawa dan an fasa masa salansa ɗan kaɗan ne, ƙarar ce take sa mutum ya ji kamar yana tashi sama, ita ce kuma take sa hannu ya riƙa murɗa totur ba dalili.

Kwanakin baya wani yaro ya turo min Boxer ɗinsa tun daga wajen Tashan Dukku, mashin ko shekara bai yi ba, fentin tanki ma yana ƙyalli, amma an fasa salansa an cire iyakilina. Ya ce yana tafiya in ya saki totur sai ya ji tas tas tas a salansa, in ya murɗa da sauri kuma sai mashin ya shaƙe kamar zai mutu, ga hayaƙi shuɗi ya fara, ga baƙin mai yana raguwa. Na kwance fulogi na ɗaga masa ya gani, bakinsa fari fat kamar alli, wuyan salansa daga wajen inji ya koma shuɗi saboda wuta. Na ce miƙo yatsanka, na sa masa a cikin robar da ta haɗa kafireto da inji, ya fito da shi da ƙasa mai laushi kamar garin tuwo. Da muka buɗe, ringi ya cinye, jikin bulok duk zane, bawul ɗin salansa ya ƙone a gefe. Yaron nan ya zauna a kan benci ya yi tagumi yana lissafin kuɗin fistin da ringi da bawul da gaskit, kuma mashin ɗin ba nasa ba ne, na haya ne yana biya duk sati. Abin ya taɓa min zuciya sosai, dan shi a ransa dabara ya yi ta neman sauƙi, wani ne ya ce masa haka ake yi.

Maganar ƙurar nan kada a raina ta. Mu da muke shiga hanyoyin ƙauyukan Dukku da Kwami da Yamaltu Deba, ga hunturu in ya sauko da hazo, duk iskar nan lita 9,000 in ba soso a gabanta da ƙasarta take shiga, ta haɗu da baƙin mai ta zama kamar samfefa tana cin ƙarfe. Soson iyakilina wanke shi ake yi ya bushe a ɗan shafa masa baƙin mai a matse a mayar, in irin na takarda ne kuma a canza, shikenan.

Sai kuma mu bakanikai, dole in faɗa mana gaskiya. Ɗan sukurun nan na gefen kafireto da kowa yake kai wa sukundireba da an ce a rage mai, iri biyu ne fa. In yana ta ɓangaren iyakilina na iska ne, ka ɗaure shi ciki ka rage iska kenan mai ya ƙaru. In yana ta ɓangaren inji na mai ne, ka ɗaure shi mai ya ragu. Sau nawa ina ganin yaran gareji suna ɗaure na iska tam su ce sun rage shan mai alhali ƙarawa suka yi. Kuma shi wannan sukurun da ƙaramin jet aikinsu daga silo ne, wato inji yana aiki ba a murɗa totur ba, zuwa kwatan totur kawai, daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu allurar cikin kafireto ce take aiki, sai ka murɗe gaba ɗaya sannan babban jet ya karɓa. Ɗan acaba a cikin gari yawancin wuninsa a kan allura yake, shi ya sa ɗan kilif ɗin nan na kan allura yake da muhimmanci, ka sauke shi mataki ɗaya allura ta ɗaga mai ya ƙaru, ka hau da shi allura ta sauka mai ya ragu. Wani abin takaicin kuma shi ne tsokalar jet da waya ko allurar ɗinki in ya toshe, ramin da aka auna shi da kyau sai a yage shi, daga ranar mashin ya zama mashayi. Fetur da iska ake wanke jet da su.

Wanda ya riga ya canza salansa kuma ya ce shi lallai yana son abinsa, toh aƙalla ya mayar da akwatin iyakilina da sosonsa, sannan a yi masa saiti a hankali, inji da zafinsa, abu ɗaya ake canzawa a hau a gwada kafin a taɓa na biyu. Jet a ƙara lamba ɗaya kawai ba a yi tsalle ba. Fulogi shi ne shaida, in ya fito ruwan ƙasa kamar shayi da madara an dace, fari mai ya yi kaɗan, baƙi da gawayi mai ya yi yawa. Ni dai in aka tambaye ni salansar kamfani nake cewa a mayar, ko dan jama'a ma, mashin ɗaya ya ratsa layi a Bolari ko Pantami da tsakar dare ya tashi jarirai da marasa lafiya da tsofaffi, wannan haƙƙi ne a kanmu.

Sannan dan Allah a daina auna shan mai da ido ko da "ina ji kamar". Cika tanki zuwa wani wuri da ka gane, rubuta lambar mita, yi aikinka, dawo gidan man ka sake cikawa zuwa wurin, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. In mitarka ta mutu kamar na yawancinmu, zaɓi hanya ɗaya da ka sani, misali Gombe zuwa Kumo ka dawo, ka gwada kafin gyara da bayan gyara da kaya iri ɗaya. Da yawa in suka yi haka sai su gano ba kafireto ne ɓarawon ba, taya ce ba iska, ko cen ya bushe ya yi tauri, ko birki yana kamawa, ko kuloc yana sulɓewa, ko an manta cok a ja, ko fulot, wato abin da yake tsayar da mai in kafireto ya cika, ya lalace mai yana ɗiga ta tiyo duk dare ƙasa tana sha, ko kuma man bumburutu ne mai datti ya hana allurar fulot rufewa.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar 'yan acaba na Gombe da su riƙa kiran bakanikai ranar taronsu ko na rabin awa ne a kwance kafireto ɗaya a kan tabarma kowa ya ga cikinsa da idonsa, ni a shirye nake in zo kyauta da kayan aikina. Kai ma Malam Edita in da hali a ɗan ware mana gefe a jarida na tambaya da amsa a kan gyaran babur da keke, ko sau ɗaya a wata ne. Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Bakaniken babur, Jekadafari, Gombe