Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum, malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne bitar busar da tumatir da muka yi wa manoman rani a yankin Kura. Duk wanda ya bi hanyar Zariya lokacin kakar tumatir ya ga yadda ake shanya shi a ƙasa, ƙura na sauka, awaki na bi ta kai. Akwatin da 'yan aji huɗu suka haɗa da katako da kwano mai baƙin fenti da leda mai haske muka kai musu. Iska na shiga ta ƙasa, rana ta gasa ta a kan baƙin kwanon, ta hau ta ratsa faifan da aka jera yankakken tumatir, ta fice ta sama da danshin. Tumatir fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, don haka duk dabarar tana wajen tafiyar iskar. Manoman ba su ɗauki maganarmu da baki ba, sai da suka ɗaga wanda muka busar suka gwada launinsa da nasu. Wani dattijo ya tsare mu da tambayar kuɗin katako, wani kafinta kuma ya auna akwatin da kansa. Mun dawo da tambayoyin da suka isa aikin digiri na biyu. Allah ya saka wa malamin da ya ba mu aron motarsa da alheri.

Sai maganar ramin gas na kashin shanu, wato ramin da ake rufe kashin a ciki ya ruɓe ya fitar da gas, wadda na san za a tayar. Ba a yi watsi da shi ba. An haƙa rami, an sayi bututu, sai siminti ya yi tashin gwauron zabo a farkon shekara, ga kuɗin mota ya ninka tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Kwamiti ba zai rufe rami da rabin kayan aiki ba, domin ramin da ke yoyo ba ya tara gas. Kuɗin da muka yi lissafi da shi kuɗin wata-wata ne da 'yan ƙungiya ke biya, shi kuma bai shigo ba.

Binciken ƙurar hunturu a kan farantan sola ma ya tsaya rabi. Tsarin mai sauƙi ne: a riƙa goge faranti ɗaya, a bar ɗaya da ƙurarsa, a rubuta wutar da kowanne ya bayar kullum. An raba kwanaki, mutane suka sa hannu, amma littafin ya cika da giɓi. Ba za mu miƙa wa kowa irin waɗannan alƙaluma ba, alhali a Kano ɗin nan akwai tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero tun 2019, ga ta megawat 10 a Kumbotso, inda irin wannan bincike zai yi amfani.

Ziyarar Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato an ɗage ta zuwa baɗi, saboda kuɗin mota.

Wallahi na gaji da bin mutane ɗaki-ɗaki a kan kuɗin wata-wata. Akwai waɗanda ba a jin ɗuriyarsu sai ranar raba takardar shaida. Ma'aji zai manna sunayen masu bashi kafin taron Janairu, kuma wanda bai biya ba ba za a sa shi a motar Sakkwato ba.

Sakataren Ƙungiya