A riƙa auna ƙarfin hannun tsofaffi a asibiti

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta rahoton da kuka buga kan lafiyar tsofaffi, amma wallahi an bar wani abu muhimmi a baya, wato ƙarfin damƙar hannu. A asibitocinmu awon jini ake yi da na suga shikenan, ba mai tambayar tsohuwa ko tana iya matse wanki, ko ɗaga buta cike da ruwa in za ta yi alwala, alhali daga nan ake fara gane jiki ya soma sauka.

Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2015, kan mutane wajen dubu 140 a ƙasashe 17, ya nuna duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa na tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa kashi 16 cikin ɗari.

Sai dai ma'aunin Turai ba lallai ya dace da mu ba, hannun dattijon da ya tsufa yana riƙe da fartanya daban yake da na ɗan fansho, na mata ma daban. Ina roƙon ma'aikatun lafiya su saka na'urar awon nan a ƙananan asibitoci, jami'o'inmu kuma su fitar mana da ma'auninmu.

Naku,
Mai karatu daga Zariya