A Horas Da Waɗanda Matasan Zango Ke Jin Maganarsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan tarukan bita da ake yawan shiryawa a nan Legas da sunan yaƙi da ƙabilanci da tsattsauran ra'ayi a tsakanin matasa. Niyyar mai kyau ce. Abin da ke damuna shi ne waɗanda ake gayyata.

Yawanci a otal ake yi, a Ikeja ko can tsibiri, da Turanci, kuma masu halarta 'yan boko ne masu ƙungiyoyi. A ci shinkafa, a ɗau hoto, a karɓi kuɗin mota. Yaron da ya sauko daga bayan tirela jiya daga Jigawa ko Yobe, yake kwana a rumfar kasuwa, bai san da zamansu ba. Wanda ya sani shi ne mai gidan da ya ba shi baro, da ciyaman ɗin 'yan acaɓa, da malamin makarantar dare, da mai gidan kallon ƙwallo, da mai shayin da ke ba shi bashi. Ko an ƙi ko an so, su ne ke riƙe da matasanmu, kuma ba wanda ya taɓa koya musu aikin.

Mu da muke zaune a nan mun san yadda wuta ke tashi. An yi rikicin Hausawa da Yarabawa a Ketu da Mile 12 a Nuwamban 1999, an yi a Idi-Araba a Fabrairun 2002, aka sake yi a Mile 12 a Maris na 2016 har Gwamna Ambode ya rufe kasuwar. Ta 2016 daga saɓani da ɗan acaɓa ta faro. Tsakanin cacar baki da ƙone-ƙone akwai 'yan sa'o'i, kuma a cikinsu ne ake buƙatar mutumin da zai tsaya gaban yara ya ce ku dakata, su kuma dakata. Irin wannan mutum ba a samar da shi ranar rikici.

To me za a koya masa? Ni dai da saƙon murya na WhatsApp zan fara. Wani ya turo cewa ana kashe 'yan Arewa a wuri kaza, da bidiyon da ba a san shekararsa ko ƙasarsa ba, kafin la'asar ya zagaye Agege. A koya wa mai riƙe da yara ya tambayi wa ya ɗauka, yaushe, a ina, ya kuma kira wanda ke wurin kafin ya tura gaba. Ya kasance yana da lambar Sarkin Hausawa, da ta baale, wato mai unguwar Yarabawa, da ta DPO, kuma su ma sun san muryarsa tun ana zaman lafiya.

Abin da ya fi wuya shi ne yaron da ya fara sauyawa. Gemu ko ɗage wando ko yawan zaman masallaci ba su ne alama ba, kuma duk mai koyarwar da ya ce su ne, ya tattara takardunsa ya tafi. Abin dubawa shi ne ya fara kafirta iyayensa da limamin unguwa, ya yanke hulɗa da abokai, ya ce jinin wane ya halatta. A nan mutanenmu kan yi ɗayan biyu: a kore shi daga majalisa, ko a kai sunansa ga hukuma. Duka biyun miƙa shi ne ga masu tsattsauran ra'ayin da ke jiransa a waya. Zama da irin wannan yaro, a bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan a haɗa shi da malamin da zai iya warware masa hujja da hujja, sana'a ce da ake koya. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, waɗanda da can suke gaba da juna, tun 1995 suke wannan aiki tare. Me ya hana a ɗauko irinsu?

Kada kuma a zo mana da wa'azin haƙuri kawai. Tun 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, a Satumba aka ƙara 4, har da Mushin da Kosofe inda Mile 12 take. Gwamnati na da dalilanta, ban zo musu ba. Amma wanda aka murƙushe masa babur, kuma kullum ana kiransa aboki cikin raini, zuciyarsa a buɗe take ga duk mai ce masa an tsane ku. Mai horaswa da bai san inda zai tura shi koyon walda ko gyaran waya ba, maganarsa ba za ta shiga ba.

Mu ma da namu laifin. Abin da ake faɗa a kan Yarabawa da Ibo a majalisunmu bayan isha'i, da za a fassara musu, da kunya ta kama mu. Shi ya sa nake ganin a haɗa ajin: malamin Islamiyya na Agege ya zauna benci ɗaya da shugaban matasan coci da kocin yaran Mushin, da tafinta a tsakani. A sa mata a ciki, domin uwa ce ke fara ganin ɗanta ya canza.

Tun 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin ƙasa na riga-kafin tsattsauran ra'ayi, kuma ya ambaci al'umma da matasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina kira ga ma'aikatar matasa ta jihar Legas da sarakunan Hausawa su zauna su fitar da sunayen mutanen daga kasuwa-kasuwa, a yi karatun da Hausa da Yarabanci, a harabar makarantar firamare ko ofishin kasuwa, da daddare bayan an tashi ciniki, domin ɗan dako ba zai bar aikin yini ya zo bita ba.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas