Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Masanin da Ya Fara Karatu a Gindin Bishiya

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara. Da fatan kuna lafiya tare da iyali.

A wannan zangon ɗaliban manyan azuzuwa sun kai darasin yadda jiki ke haɗa furotin. Malamarsu ta bayoloji ta ga gara ta shigar da shi ta tarihin mutum guda, Har Gobind Khorana, kuma mun so ku san shi tun kafin ku fara jin sunansa a bakin yara.

An haife shi a 1922 a Raipur, wani ɗan ƙauye a yankin Punjab da yanzu yake cikin Pakistan. Shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa ƙaramin ma'aikacin haraji ne, ba mai hali ba, amma ya tsaya tsayin daka sai 'ya'yansa sun yi karatu, har ya zama kusan gidansu kaɗai ne ake iya karatu da rubutu a ƙauyen. Ajinsa na farko gindin bishiya ne. Wannan ɓangaren ya fi taɓa mu malamai. Daga baya ya yi jami'a a Lahore, ya samu digirin digirgir a Liverpool ta Ingila a 1948.

Abin da ya ɗaure wa masana kai a lokacin shi ne, saƙon gado da ke cikin ƙwayar halitta da haruffa 4 kacal aka rubuta shi, alhali furotin da tubala iri 20 ake gina shi, waɗanda ake kira amino asid. To, wane rubutu ne ke kiran wane tubali? Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei ne suka fara buɗe ƙofar a 1961. Shi kuwa Khorana, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, sai ya riƙa ƙera saƙon RNA, wato kwafin saƙon gado da ƙwayar halitta ke karantawa don haɗa furotin, da kansa a ɗakin gwaji. Da ya jera biyu daga cikin haruffan, U da C, wato UCUCUC ba yankewa, sai ga tubala biyu, serin da liyusin, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, daidai da abin da za a samu idan haruffa uku-uku ake karantawa. Da irin wannan aikin haƙuri aka kammala fassara dukan kalmomi 64 masu haruffa uku-uku da haruffan nan 4 ke iya bayarwa. A 1968 ya raba kyautar Nobel da Nirenberg da Robert Holley. Ya koma jami'ar MIT ta Amurka a 1970, ya rasu a 2011.

Yaran sun yanka takardu masu launi huɗu, suna jera su suna fassarawa. Don Allah idan sun zo da su gida, ku zauna ku ce su nuna muku yadda ake karantawa, ko da ba ku taɓa yin kimiyya ba. Za su baje aikin a ranar taron iyaye da malamai, muna sa ran ganinku.

Wassalam,
Shugabar Makaranta