Godiya ga Alhaji mai ƙananan motoci na hanyar Zariya, da yaran wurinsa

Assalamu alaikum, Baba Alhaji.

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk yaran fili. Na san na riga na yi maka godiya baki da baki, Abbanmu ma ya kira ya yi tasa. Amma godiyar da aka yi a cikin ofis iyakarta ofis, shi ya sa na ce bari in rubuta inda jama'a za su gani. Ban sa sunanka ba, tunda ka ce ba ka so abin ya koma talla. Sai dai duk wanda ya saba bin hanyar Zariya ta wajen Farin Gada a nan Jos zai gane filin da nake nufi, domin ku ne kuke jera ƙananan motoci a bakin titi, manyan kuma a can baya jikin katanga, saɓanin yadda kowa yake yi.

Ni malamar firamare ce a wajen Bukuru, gidanmu kuma yana Rikkos. Asabar da Lahadi ina yin kek da cincin na biki. Tun da aka hana acaɓa a garin nan a 2012, Keke Napep ce ƙafar irinmu. Wanda bai taɓa rungumar kek mai hawa uku a bayan keke daga Rikkos zuwa Rayfield ba, ba zai gane abin da ya sa na yi shekara biyu ina zubin adashi ba. Akwai ranar da muka faɗa wani rami, hawan sama ya sulɓe ya kwanta a jikin hijabina, sai da na mayar wa uwar amarya rabin kuɗinta, ban da kunya. Tun ranar na ƙudurta cewa ko ƙanƙanuwa ce kamar akwatin ashana, sai na mallaki tawa.

Kafin in zo wurinku mun zaga wurare huɗu ni da yayana. A biyu ba a ko ba mu kujera ba. A wani wurin, ina magana mai wurin yana amsa wa yayana, kamar ba ni ce mai kuɗin ba, da muka faɗi abin da ke hannunmu kuwa sai ya ce mu je mu ƙaro mu dawo. Ban riƙe su a rai ba, kasuwa ce, kuma wanda ya zo sayen jif ya fi mu la'ada. Na kawo wannan ne don a san halin da na shigo filinka da shi: a gajiye, ina jiran a sake raina ni.

Abin da na fara gani wata ja ce, Toyota Vitz, tana ƙyalli kamar an lashe ta. Wallahi a raina har na sa mata suna. Kuɗinta ma ya fi na wadda na saya daga baya. Kana zaune kan benci kana kallona ina zagaya ta, sai ka ce, "'Yata, zo ki buɗe min bonet ɗinta." Na laluba ƙasan sitiyari ban samu abin ja ba. Ka ce in duba ɗaya ɓangaren. Can na same shi, wajen ƙafar fasinja. Sannan ka yi min bayani: Vitz sunan Yaris ne a Japan, can kuma sitiyari a dama yake. Mu nan tun ranar 2 ga Afrilun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, don haka motarmu sitiyarinta a hagu, mai sitiyarin dama ma doka ba ta yarda da ita a titi ba. To wannan juya ta aka yi. Ka kunna abin share gilashi, na ga yana barin wani lungu daidai gaban direba bai goge ba. Ka ce wani ne ya ajiye a sayar masa, duk wanda ya taya sai ka gaya masa haka, amma ni da nake sabon hannu ba za ka so in fara da motar da aka yanka aka sake ɗinke ƙarfen sitiyarinta ba. Yayana ya dube ni, na dube shi. Ba mu taɓa jin mai kaya ya kushe kayansa ba.

Daga nan ka sa aka kawo mana ruwa, ka hau tambayata. Ina nake zuwa kullum, mutum nawa nake ɗauka, wa zai riƙa yi min gyara, nawa zan iya zuba wa mai a mako ba tare da na ci bashi ba. Ka ce matasa da yawa kuɗin sayen mota suke tarawa, su manta da kuɗin riƙe ta. Gaskiyarka. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Unguwarmu akwai manyan motoci da aka lulluɓe da tamfol, sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure ake tashinsu.

Ka zaga da ni layin ɗaya bayan ɗaya. Kia Picanto, ka ce a cikin gari ba ta da na biyu wajen tsimin mai da samun wurin fakin, sai dai but ɗinta ba zai ɗauki tiren kek ɗina ba. Honda Jazz, wadda a Amurka ake kira Fit, ka ɗaga kujerun bayanta sama ka nuna min yadda ake tsayar da dogon kaya a ƙasa, domin tankin manta a ƙarƙashin kujerun gaba yake. Na so ta ƙwarai, kuɗina ne bai kai ba. Da muka zo kan Peugeot 206 kuwa sai hira ta ɓalle tsakaninka da yayana a kan 504 ɗin Abbanmu, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, har na fara tunanin kun manta da ni. A ƙarshe ka ce in riƙe tambaya guda ko ina na je: in wani abu ya lalace yau, za a same shi a kasuwar kayan gyara ta Dilimi kafin la'asar?

Haka muka tsaya kan farar Yaris, ƙirar 2010, mai ƙofa biyar, otomatik, inji 1.5. Daga Amurka ta zo, ko da yake mu nan duk motar da ta ƙetaro ruwa Beljiyam muke ce mata. Ta yi shekaru a hannun mutum ɗaya a garin nan, wato 'yar gida ce, shi ya sa kuɗinta ya zo daidai aljihuna. An ce araha ba ta ado. To wannan ta yi: 'yar dunƙulalliya, gabanta kamar tana murmushi, agogon gudunta kuma a tsakiyar dashbod yake, ba bayan sitiyari ba. Ɗalibaina har leƙe suke yi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar dubawa. Ka ba yaronka makulli ka ce ya bi mu wurin makanikenmu, mu riƙe ta har azahar, ba kafin alƙalami, ba komai. Kafin mu tashi ka dafa ƙofar baya ta dama ka ce an taɓa buge ta, an yi mata ciko da fenti. A gareji makaniken ya ciro ɗan mayen ƙarfe daga aljihu yana bin jikin motar da shi. Ko'ina yana kamawa, da ya zo daidai inda ka dafa sai ya zame ya faɗi ƙasa. Ya ɗaga kafet ya shinshina ko ta taɓa shan ruwa, ya shiga rami ya haska ƙasanta yana neman tsatsa, ya jona kwamfuta. Ya ce injin sarƙa gare shi ba bel ba, in ina canza baƙin mai a kan lokaci zai daɗe bai dame ni ba. Abu biyu ya samu: shokozoba ɗaya ta gaba tana yoyo, tayoyin baya kuma sun tsufa. A nan na koyi karanta lambobi huɗun nan na gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Nawa 2319 aka rubuta, wato mako na 23 a 2019, alhali 'yan Rod Sefti shekara huɗu suke ba taya daga ranar da aka ƙera ta, ko da zanenta bai cinye ba. Da muka dawo muka gaya maka, ba ka ce uffan ba wajen musu. Ka sa aka canza tayoyin, kuɗin shokozoba kuma ka cire daga ciniki. Abbanmu da ya ji labari cewa ya yi wannan shi ne cinikin da hadisi ya yi wa alƙawarin albarka, wanda aka faɗi gaskiya aka bayyana aibi.

Takardu ma ba ku bar ni ina lalube ba. Magatakardanka ya zaunar da ni ya sa na karanta lambar shasi harafi-harafi, duka 17 ɗin, daga jikin gilashin gaba, yana bi a takardar kwastan da ta rajista. Ya rubuta takardar canjin mallaka, ya nuna min inda zan yanki inshora ta gaske, ya ce tun Janairun 2023 mafi ƙanƙantarta ta motar gida ta koma naira 15,000 daga 5,000, duk wanda ya ce zai yi min a ƙasa da haka takarda kawai zai buga min. Kai kuma ka nemi ganin lasina kafin ka miƙa makulli. Na ɗan ji haushi a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Ƙaramin yaronka, wanda ke wanke motoci, shi ya cece ni daga wani abu da ban sani ba. Ina shirin fita ya leƙo ta taga ya ce, "Anti, manyan lambobin nan mil ne fa, kilomita su ne ƙananan ciki. In allura ta taɓa 60, kin kusa ɗari ke nan." Da ban ji wannan ba, Allah kaɗai ya san gudun da zan riƙa shararawa a hanyar Bukuru ina ganin a hankali nake tafiya. Don Allah a ƙara masa wani abu a albashi.

Sati uku da saye, cikin sanyin Disamba irin na Jos da ruwan randa ke cizon hannu, na murɗa makulli da asuba ta yi ƙes-ƙes ta yi shiru. Na kira lambar ofis ina tsammanin za a ce ciniki ya riga ya faɗa. Kafin bakwai sai ga yaronka da batir a keke. Ya ce, "Alhaji ya ce laifinmu ne, ya kamata mu gwada shi kafin ta fita." Ya ɗaura sabo ya tafi da tsohon, ko kuɗin keke ya ƙi karɓa.

Yanzu wata takwas ke nan. Tankinta lita 42 ne, in na cika shi da albashi ya shigo, ba na sake waiwayar gidan mai sai wata ya yi nisa. Na je Abuja da ita sau ɗaya, bikin ƙawata, yayana a gefe. Da muka iso gangaren Hawan Kibo na tuna abin da ka ce, kada in zauna kan birki har ya yi zafi, in sauko da giya zuwa 2 in bar inji ya riƙe ta. Na ji tana gurnani, gabana yana faɗuwa, tireloli a gaba da baya, amma muka sauka lafiya lau. Ƙasa-ƙasa ce kam, kamar yadda ka gargaɗe ni. Akwai wani dutse a layinmu da ya san cikinta sarai, sai da na koyi hawansa a karkace, kuma na daina ɗaukar mutum biyar in zan shiga unguwa.

Tunda 'ya ba ta rasa ƙorafi wurin uba, ga nawa. Ku samar wa mata ɗan wurin zama da salla, domin ranar ciniki a cikin mota na yi la'asar. Sannan launi, Baba Alhaji. Fari, toka, baƙi, fari, toka. Mu matasa muna son shuɗi da ja da ruwan goro, kuma har yanzu in na wuce ina satar kallon inda jar nan take tsaye da.

Ranar Asabar mai zuwa zan kawo wata abokiyar aikina, idonta yana kan Picanto ɗin nan. Na ce ta taho da makanikenta da lasinta. Ni kuma zan taho da kek na yaran fili, mai hawa biyu, a kujerar baya, da bel ɗinsa a ɗaure.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa, ya raya zuri'a, ya jiƙan magabata.

'Yarka mai farar Yaris,
Rikkos, Jos.