Wasiƙa zuwa ga aminina a Kumasi

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran mutanenmu na zango. Saƙonka ya iso, na kuma ji yadda jikin ɗanmu Abba ya sake tashi da damina. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Ka gaishe min da mahaifiyarsa da jinya, don wahalar ɗa mai sikila uwa ce ta fi kowa saninta.

Ciwon ƙashi da kumburin hannu kowa ya san su, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shanyewar ɓarin jiki. Mutanenmu na ɗauka ciwon dattawa ne, alhali in ba a yi rigakafi ba, kusan yaro 1 cikin 10 masu sikila yakan gamu da shi kafin ya kai shekara 20. Jinin ne ke ɓata jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini har su tsuke. Akwai gwajin da ake kira TCD, ana ɗora 'yar na'ura a gefen kai, ba allura ba zafi, a auna saurin gudun jinin. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗari ko da kuwa wasansa yake yi garau.

Tun 1998 binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100. To, ni da kai mun san halin da ake ciki. Wane talaka ne zai iya nemo leda guda ta jini kowane wata, shekara da shekaru?

Shi ya sa aikin da likitocinmu suka yi ya burge ni. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun bi yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 waɗanda gwajin ya nuna suna cikin haɗari. Maimakon jini sai aka ba su ƙwayar haidiroksiyuriya kullum, rabinsu miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi kuma 20. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022. A rukunin farko yara 3 ne suka samu shanyewar, a na biyu 5, wato babu wani bambanci na a zo a gani, kuma duka biyun sun yi ƙasa sosai da abin da ake tsammani in an bar yaran haka. Sai dai masu shan 20 ɗin ba a cika ba su gado a asibiti kamar sauran ba. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne ga uban da kwana uku a asibiti ke cinye masa jari.

Wani binciken na 2019 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda ma ya gano maganin ya rage tashin ciwo da mace-mace, har da zazzaɓin cizon sauro.

Don Allah in kun koma asibiti ka tambayi likita kai tsaye ko an taɓa yi wa Abba wannan gwajin, kuma ko maganin ya dace da shi. Kada ka saya a kemis da kanka, domin da nauyin yaro ake auna shi, kuma sai ana duba jininsa lokaci-lokaci.

Af, nan Kano tun 2024 gwajin jini kafin ɗaurin aure ya zama doka, ka faɗa wa ƙanenka tunda 'yar Fagge yake nema.

Hajiya tana gaishe ku, ta ce goron da ka yi mata alkawari har yau shiru. Ka rubuto min abin da likitan ya ce.

Naka,
Bala