Yuraniyam da fuloraid a ruwan sha suna cin ƙoda a ɓoye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin masu shan ruwan burtsatse, musamman inda aka haƙa cikin dutse. Ruwan kan fito garau, ba wari, alhali wataƙila yuraniyam da fuloraid, sinadaran da ake samu a cikin duwatsu, sun narke a ciki.

Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce fuloraid miligiram 1.5 a lita, yuraniyam maikurogiram 30. Yuraniyam gubar ƙarfe ce ga ƙoda: yana lalata ƙananan bututun da ke mayar da sukari da furotin cikin jini, sai su riƙa zuba a fitsari tun kafin gwajin kiriyatinin, wato gwajin jini da ake duba aikin ƙoda da shi, ya nuna matsala. Fuloraid kuwa ƙoda ce ke fitar da shi. Yawansa na wahalar da ita, kuma da ta yi rauni sai ya taru a ƙashi. Dabbare-dabbare a haƙoran yara alama ce ta yawan fuloraid da bai kamata a raina ba.

Tafasawa ba ta cire su, ƙara kaurinsu take, domin ruwan ne ke tafiya a tururi. A kai ruwan ɗakin gwaji. In ya wuce ƙa'ida, a sa na'urar tacewa ta ribas osmosis, a riƙa sauya matacinta a kan lokaci.

Wassalam.